Wa Ke Biyan Kuɗin Hannu? Garantin Mota da Ladan Makanike, daga Dokokin Amurka zuwa Garejojin Dakoro

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake tsayar da kuɗin hannun makanike idan gyaran yana ƙarƙashin garantin kamfanin da ya ƙera mota. Ta fara da Amurka, inda dokokin jihohi suka shata hanyar ciniki tsakanin kamfani da dillalinsa, sannan ta auna tsarin da yanayin Dakoro a Jihar Maraɗi. Matsayinta shi ne, a Dakoro nisan tafiya da lokacin gano matsala sun fi farashin awa nauyi, kuma masu sayen motoci da yawa a lokaci guda ne ke da bakin magana, a ranar ƙulla ciniki.

Gabatarwa

Garanti alkawari ne na mai ƙera mota: idan wani abu ya lalace saboda aibin ƙira a cikin wa'adin da aka yanka, mai mota ba zai biya ko dala ba. Sai dai kamfani ba ya riƙe sifana. Dillalinsa ne ke karɓar motar, makanikensa ya kwance ya ɗaura, daga baya a aika wa kamfani takardar neman biya. A nan rigimar take. Kuɗin hannu abu biyu ne ake ninkawa, farashin awa ɗaya da adadin awoyin da aka yarda aikin zai ci, kuma a al'ada kamfanin da zai biya shi ne ke yanka duka biyun.

Binciken kwatanci ne na nassoshi: dokokin jihohin Kalifoniya da Ilinoi, dokar kasuwanci ta OHADA wadda Nijar ke aiki da ita, da hukuncin ijara a fiƙihun Malikiyya. Lissafin da aka kawo misali ne kawai domin fito da yadda tsarin ke aiki.

Yadda ake cinikin a Amurka

A can dillalan motoci suna da ƙarfi a majalisun jihohi, shi ya sa mafi yawan jihohin suka wajabta wa kamfani ya biya aikin garanti daidai da abin da dillali ke karɓa a hannun abokin ciniki na yau da kullum. Dokar Kalifoniya da ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2020 ta fayyace hanyar. Dillali zai tara takardun gyara 100 a jere waɗanda masu mota suka biya da aljihunsu, ko kuma duk na kwana 90, wanda ya fi kaɗan a cikin biyun. Za a ware ayyukan kulawa irin su juyen mai, domin arhar su tana janyo matsakaicin farashi ƙasa. Sai a raba jimillar kuɗin hannu da jimillar awoyi. A ƙaddara takardun sun nuna dalar Amurka 18,000 a kan awa 120: farashin awa ya zama 150. Kamfani yana da kwana 30 ya kawo hujjar ƙin yarda.

Wannan ya warware rabin matsalar kawai. Ɗaya rabin yana cikin littafin lokutan aiki na kamfani, wanda ke cewa gyara kaza awa kaza zai ci. Ana auna lokutan ne a kan sabuwar mota, ba tsatsa, ba ƙusar da ta ƙi kwantuwa. Tun da makanikai da yawa a can ana biyan su ne bisa awoyin littafi, wanda ya share awa 3 a kan aikin da littafi ya ba awa 2 ya yi awa guda a banza. Tsarin biyan yana cikin abubuwan da suka kai makanikan dillalan Shikago yajin aikin da ya kai kusan mako bakwai a 2017. Jihar Ilinoi ta taɓo wannan gefen da dokar da ta fara aiki a farkon 2022: idan babu wani littafin da aka amince da shi, ana ninka lokacin kamfani sau ɗaya da rabi. Kamfanin Volkswagen ya garzaya kotu yana ƙalubalantar dokar, abin da ke nuna girman kuɗin da ke cikin awoyin.

Dakoro: garanti mai nisa

Dakoro tana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi ta hanyar Kornaka, a bakin Kwarin Tarka, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara. Motocin da ke shigowa iri biyu ne a taƙaice. Akwai ƴan gwanjo da suka saba sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano, waɗanda garantinsu ya ƙare tun suna Turai. Akwai kuma sababbin Hilux da Land Cruiser na hukuma, asibitoci da ƙungiyoyin agaji, waɗanda suka yawaita a yankin tun ƙarancin abincin 2005. Su ne ke da garantin kamfani na gaske. Wakilin Toyota a Nijar shi ne CFAO, mai reshe a Yamai, wanda Toyota Tsusho ya saye mafi yawan hannun jarinsa a 2012.

Daga Dakoro zuwa Yamai tafiyar ta haura kilomita 700. Idan motar ɗaukar marasa lafiya ta tsaya a hanyar Bermo, shugaban asibiti yana da zaɓi biyu, kuma kowanne da ciwonsa. Ko a ɗora ta a babbar mota a kai ta garejin da kamfani ya amince da shi, a biya jigila, a yi makonni babu mota. Ko a kira makaniken gari ya tayar da ita yau, a biya shi daga asusun asibiti, tare da fargabar a ce hannun da ba a amince da shi ba ya taɓa injin. Na biyun ne hankali ke ɗauka idan akwai mai naƙuda tana jira. Ta haka nauyin da ke kan mai ƙera mota yake komawa kan mai mota da makaniken gari ba tare da an rubuta shi a ko'ina ba.

Sannan akwai gardamar sanadi. Ƙurar hunturu tana toshe matacin iska da wuri, rairayi yana cin kulochi, man kwalba na ƴan ruwa-ruwa wani lokaci yana zuwa da datti. Famfon mai ya mutu, aibin ƙira ne ko laifin mai? Kafin a amsa sai an kwance, an duba, an gwada. Wannan aikin gano cuta shi ne mafi wahala, kuma shi ne littattafan lokaci suka fi yi wa rowa. Rufe iyakar Nijar da Benin tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya ƙara tsawon jiran kayan gyara, domin kaya sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso.

A kasuwar babura abin ya fi fitowa fili. Babur yana zuwa a kwali, mai haɗi ya zauna a gindin bishiya da yaransa, ya ɗaura ƙafafu, ya ja sarƙa, ya zuba mai, ya tayar. Garantin da mai saye ke ji bakin mai shago ne: in ya ba ka matsala ka dawo. Idan ya dawo, mai haɗin ne ke sake kwancewa, sau da yawa kyauta, don kada a ce hannunsa ne. Tsarin ya yi kama da na dillalin dabbobi a kasuwa, wanda sunansa ne jingina cewa saniyar ba ta sata ba ce. Bambancin shi ne dillalin dabba ya karɓi la'adarsa tun farko, makanike kuwa ba wanda ya biya shi kuɗin lamuni.

Abin da nassoshi suka tanada

Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda aka sabunta a Lome a ranar 15 ga Disambar 2010, ta ɗora wa mai sayarwa alhakin miƙa kaya marasa aibi a cinikin da ke tsakanin ƴan kasuwa. Ba ta yanka farashin aikin garanti ba, ta bar shi ga yarjejeniya. Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa ta littafin Risala na Ibn Abi Zaid, ya fi kusa da makanike. Ya sharɗanta a san lada kafin a fara ijara, ya bambanta ta da ji'ala wadda ba a biya sai buƙata ta biya, ya kuma ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka bar masa. A ganina makaniken Dakoro ya haɗa mafi tsananin ɓangarorin nan: yana ɗauke da lamunin mai sana'a, amma ana biyan binciken da ya yi kamar ji'ala, in bai gano ba babu lada.

Abin da ya kamata a ɗora a faifan ciniki

Kwafo dokar Kalifoniya yadda take ba zai yi amfani ba, domin tana tsaye ne a kan takardun gyara, a Dakoro kuwa ana yanka kuɗin hannu da baki, bisa aiki, babu agogo. Amma tushenta yana ɗaukuwa: abin da jama'a ke biya shi ne ma'auni. Gareji da ya riƙe littafin rasit na wata uku, da sunan aiki da kuɗinsa da tsawon lokacinsa, ya samu hujjar da ba ta da sauƙin turewa. Ƙungiyar makanikan gari za ta iya haɗa na garejoji da dama.

Masu ƙarfin ciniki su ne hukumomi da ƙungiyoyin da ke sayen motoci goma ko ashirin a lokaci guda. Kafin su sa hannu suna iya sharɗanta a amince da gareji a Dakoro don gyare-gyaren da ba su kai buɗe inji ba, a horar da makanikansa, a karɓi hoto da bidiyon waya a matsayin shaidar lalacewa. Su nemi a biya lokacin bincike daban, ko da ya bayyana laifin mai ne, a kuma rubuta wanda zai ɗauki jigila bisa kilomita. Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne rabon da zai isa hannun wanda ya shiga ƙarƙashin motar. A garejojinmu yaran gida ne ke yin yawancin kwancewa a kan kuɗin abinci, don haka yarjejeniyar ta ambaci kason makanike da na yaransa da adadi, a kuma sa hannunsu a kan rasit ɗin da za a aika wa kamfani.