Yadda ake bin sawun cututtukan hunturu da na damina a Nijar

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi da ƙurar hunturu, mura, tari da ciwon huhu ne ke cika gidajen likita a Nijar, musamman da yara ƙanana. Gudawar yara da ƙwayar rotabirus ke haddasawa ita ma takan yi yawa a wannan lokaci. Da damina kuwa, idan ambaliya ta gurɓata rijiyoyi, kwalara ce abin tsoro.

Ma'aikatar kiwon lafiya na bin sawun waɗannan cututtuka ta tsarin SIMR, wanda ƙasashen Afirka suka amince da shi a 1998 ƙarƙashin hukumar lafiya ta duniya OMS. Kowane mako, shugaban cibiyar lafiya ta CSI yana ƙirga waɗanda suka zo da cututtukan da doka ta wajabta a sanar, ya aika wa gundumar lafiya. Daga can alƙaluman su wuce jaha, sannan Yamai. Ko ba a samu kowa ba, sai an rubuta sifiri, domin a bambanta cibiyar da babu cuta da wadda ba ta aiko rahoto ba.

Ana kwatanta alƙaluman mako da na makonnin baya da na shekarun da suka wuce. Idan adadi ya tashi fiye da yadda aka saba, sai a tura masu bincike. Ita kwalara ba a jiran ta yi yawa: mutum guda da gwaji ya tabbatar ya isa a ayyana annoba. Cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai ce ke tantance samfura, kuma tun 2009 take sa ido kan ƙwayoyin mura.

Kwalarar 2018 ta ɓulla ne a Madarunfa cikin jahar Maradi. Ta 2021 ta kama mutum sama da 5,000 a jahohi da dama, ciki har da Maradi, Damagaram da Tawa.

Sai dai tsarin na ƙirga wanda ya je likita ne kawai. Maras lafiyar da aka ajiye gida ana ba shi maganin tebur ba ya cikin lissafi, shi ya sa cuta kan yaɗu cikin unguwa kafin hukuma ta farga. Yaron da ke numfashi da sauri ko haƙarƙarinsa na lotsawa, da duk mai zawo kamar ruwan shinkafa, a kai su CSI nan take, ana ba mai zawon ruwan gishiri da sukari na SRO tun a hanya.