Kotun Wa Za Ta Hukunta Masu Haɗa Baki da Japan a Filifin?

A Yaƙin Duniya na Biyu, tun ba a gama korar sojojin Japan daga tsibiran Filifin ba, batun waɗanda suka yi wa 'yan mamaya aiki ya zama ƙarfen ƙafa. A lokacin ƙasar tana hannun Amurka, amma tana da gwamnatinta ta cikin gida tun 1935, kuma an yi mata alkawarin 'yancin kai a 1946. To amanar wa aka ci, kuma a gaban wa za a gurfana?

A Disamban 1944 Janar Douglas MacArthur na Amurka ya yi shelar cewa sojojinsa za su tsare waɗanda ake zargi har yaƙi ya ƙare, sannan su miƙa su ga gwamnatin Filifin. Sai dai shi ya fara ɓata lamarin. A Afrilun 1945 ya wanke amininsa Manuel Roxas, wanda ya riƙe hukumar tara shinkafa a gwamnatin José Laurel da Japan ta kafa, ya kuma sa aka tsare abokan aikinsa.

Washington ta matsa wa Shugaban Filifin Sergio Osmeña lamba kan ya hukunta masu haɗa baki, har ta nuna masa cewa tallafin sake gina ƙasa zai iya tsayawa. A Satumban 1945 aka kafa Kotun Jama'a, Lorenzo Tañada ya jagoranci masu gabatar da ƙara. Amma majalisar da ta yi dokar tana cike da mutanen da zargin ya shafa, Roxas ne ma shugaban majalisar dattawa. Shari'ar cin amanar ƙasa kuwa sai da shaidu biyu a kan aiki guda, abin da ya yi wuyar samu. An shigar da ƙararraki fiye da 5,000, waɗanda aka samu da laifi ba su kai 200 ba.

Roxas ya kayar da Osmeña a zaɓen Afrilun 1946, kuma daga 4 ga Yuli, da ƙasar ta samu 'yancin kai, Amurka ba ta da ta cewa. Lauyoyi suka ce mamaya ta dakatar da wajibcin biyayya ga ƙasa, Kotun Ƙoli ta yi watsi da hujjar a 1947. Duk da haka, a Janairun 1948 Roxas ya yi afuwa ga waɗanda haɗin bakinsu na siyasa ne ko na kasuwanci. Afuwar ba ta haɗa da 'yan leƙen asiri da waɗanda suka ɗauki makami ba, irin 'yan Makapili, waɗanda yawancinsu talakawan ƙauye ne. A nan rashin adalcin ya fi fitowa fili: su aka ci gaba da yi wa shari'a, Laurel kuwa ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1949, ya zama sanata a 1951.