Wasiƙa daga Birtaniya: Alan Jones da wasan da aka goge masa

Yau tarihin wani ɗan wasan kurket na kawo muku, saboda darasin da ke cikinsa ya wuce filin wasa.

An haifi Alan Jones a shekarar 1938 kusa da garin Swansea a yankin Wales. Ya fara yi wa Glamorgan wasa a 1957, kuma ita kaɗai ce ƙungiyar Wales a babbar gasar gundumomi ta Ingila. Aikinsa shi ne buɗe duka, wato yana cikin mutum biyun da ke fara shiga fili da sanda. Wannan ne wuri mafi wuya, domin a lokacin ƙwallon sabo ne mai tauri, masu jifa kuma ba su gaji ba. In mai buɗewa ya faɗi da wuri, na bayansa ne ke shan wahala.

Jones bahago ne, mai haƙuri da natsuwa. Daga 1961 zuwa 1983, kaka 23 a jere, bai taɓa kasa cin maki 1,000 ba. Yana cikin waɗanda suka ci wa Glamorgan gasar gundumomi a 1969, shi ne kuma kyaftin da ya kai ta wasan ƙarshe na Kofin Gillette a 1977. Ya yi ritaya da maki 36,049.

To, ga inda gizo ke saƙar. A 1970 an shirya Afirka ta Kudu za ta zo Ingila wasa, amma zanga-zangar adawa da mulkin wariyar launin fata ta sa aka soke ziyarar. Sai aka haɗa wata tawaga ta gwanayen duniya a ƙarƙashin Garfield Sobers don ta maye gurbi. An kira Jones wasan farko a filin Lord's da ke Landan. Ya ci maki 5 a zagayen farko, bai ci komai ba a na biyu, kuma Mike Procter, ɗan Afirka ta Kudun, shi ya fitar da shi duka biyun. Daga nan ba a ƙara kiransa ba.

Lokacin da ake wasan, an ɗauke shi a matsayin cikakken wasan ƙasa, wanda ake kira Tes. Daga baya hukumar kurket ta duniya ta ce ai tawagar duniya ba ƙasa ba ce, saboda haka ba ya cikin lissafi. Sauran 'yan Ingila sun buga wasu wasannin Tes, Jones kaɗai aka bari hannu rabbana. Shi ne ya fi kowa tara maki a cikin waɗanda ba su taɓa buga Tes ba.

Sai a watan Yuni na 2020, bayan shekara 50 cif, hukumar kurket ta Ingila da Wales ta ba shi hular ƙasa mai lamba 696, yana da shekara 81. Ta intanet aka yi bikin saboda annobar korona. Wasan dai ba a mayar da shi Tes ba, mutumin aka mayar wa haƙƙinsa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, mutum ya shiga fili a gaban dubban jama'a, amma alƙalamin wani kwamiti ya ce bai shiga ba. Duk mai karanta kundin hukuma, ya riƙa tambayar wa ya rubuta, wa kuma aka bari a waje.

Sai wasiƙa ta gaba. Ku huta lafiya.