Daga noti zuwa gam: yadda gyaran laptop ya koma da wuya

Ka taɓa kai laptop wajen mai gyara, ya juya ta ya ce maka, "Wannan ba a ƙara mata RAM"? Kada ka ga laifinsa. Tun a teburin waɗanda suka zana ta aka yanke wannan hukunci, kuma abin yana da tarihi.

A 1992 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da ThinkPad 700C, baƙar kwamfuta mai jan maɓalli a tsakiyar haruffa. Manyan masu sayen ThinkPad ma'aikatu ne, masu son a gyara na'ura nan take a koma aiki. Shi ya sa IBM ya riƙa wallafa littafin gyara na kowane samfuri, mai nuna notin da za a fara kwancewa da lambar kowane sashe. Da Lenovo na Sin ya sayi sashen kwamfutocin IBM a 2005, ya ci gaba da wannan al'ada. Duba ThinkPad T420 ta 2011: batirinta da hannu ake zare shi, ramukan RAM biyu ne, faifan ajiya kuma sukurudireba kawai yake buƙata.

Sai aka shiga tseren siranta. A Janairun 2008 Steve Jobs ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan a gaban jama'a. Domin ta sirance haka, an narka RAM ɗinta a jikin babban allo da dalma, an kuma kulle batirin a ciki. A 2012 MacBook Pro Retina ta ƙara da manne batiri da gam. Kamfanin iFixit, mai warware na'urori don auna sauƙin gyaransu, ya ba ta maki 1 cikin 10. Wasu kamfanoni da dama suka bi sahu.

Gaskiya akwai riba: RAM ɗin da aka narka ba ya cin wuri, kuma nau'in da aka fi narkawa ba ya shan wuta sosai. To amma idan ƙwaya ɗaya ta lalace, ko dai a samu gwanin dalma, ko a canja allon gaba ɗaya.

Daga baya an fara mayar da martani. Tun Janairun 2021 Faransa ta wajabta a nuna makin sauƙin gyara, cikin 10, ga mai sayen laptop. A shekarar ce kuma kamfanin Framework ya fitar da laptop da ke zuwa da sukurudirebanta a kwali.

Me ya shafe ka? Da yawanmu 'yan gwanjo muke saya, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso Computer Village a Ikeja, su bazu har Arewa. Ga mai irin wannan kwamfuta, sauƙin gyara shi ne tsawon ranta.

Saboda haka kafin ka biya, tambayi ko RAM yana fita, ko batiri yana canjuwa. Idan tsohon faifai ne mai juyawa sau 5,400 a minti, sa mata SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Za ka ga bambanci tun daga kunnawa. Idan tana zafi, a share ƙurar hunturu daga fanka, a sabunta man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, domin yana bushewa da shekaru.

Akwai sauran tarnaƙi guda. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, ga shi Windows 11 tana neman TPM 2.0 da firosesar da ba ta tsufa ba. T420 ba ta cika sharaɗin ba, amma Linux na tafiya a kanta lafiya lau. Kafin ka ce ta mutu, a buɗe bayanta tukuna.