Kacici-kacicin da Ya Girgiza Birtaniya

A watan Mayun 1944, ana tsaka da shirin ƙwato Faransa daga hannun Jamus, sai kalmomin Utah da Omaha da Overlord suka riƙa ɓullowa cikin amsoshin kacici-kacicin cike gurbi na jaridar Daily Telegraph. Dukkansu sunayen sirri ne na farmakin Normandi da aka kai ranar 6 ga Yuni. Jami'an MI5 suka titsiye mai tsara wasan, Leonard Dawe, wanda shugaban makaranta ne, amma ba su same shi da laifi ba. Sai a 1984 wani tsohon ɗalibinsa ya fayyace lamarin: ɗalibai ne ke kawo wa malamin kalmomi, su kuwa a bakin sojojin da suka yi sansani kusa da makarantar suka tsince su. Ashe sirrin ya daɗe da zama abin hira a gaban yara.