Ruwan Bagaja: Tarihin Tatsuniyar da Littafi Ya Ari Sunanta

Ruwan Bagaja suna ne na abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko tatsuniya ce ta 'yar bora da aka tura wankin ƙirgi wani ruwa mai nisa. Na biyu littafin ƙagaggen labari ne da Abubakar Imam ya rubuta a 1933. Littafin ya yi tashen da ya rufe tatsuniyar, har wasu kan ɗauka Imam ne ya ƙago sunan. Tatsuniyar ta girmi littafin, kuma iyaye mata da kakanni ne suka riƙe ta, daga Zariya har Dakoro ta Nijar, inda aka fi kiran irinta gatana.

Yadda ake ba da ita

Wani mutum yana da mata biyu, mowa da bora, kowace da 'yarta. Wata rana da dare 'yar mowa ta ɓata ƙirgin da suke kwana a kai, da gari ya waye aka ɗora wa 'yar bora laifin, aka ce ba za a karɓi ƙirgin ba sai ta wanko shi a Ruwan Bagaja. Ta kama hanya. Duk kogin da ta iske sai ta tambaye shi cikin waƙa ko shi ne, ya ce a'a, ya yi mata tayin abin da yake gudana da shi, nama ko tuwo ko zuma. Ta ce ta ƙoshi, ta wuce.

Bayan ta kai ta yi wankinta, hadari ya taso, ta fake a wata bukka. A ciki ta tarar da cinya da kare: cinya ta yi gurnani, kare ya fassara. Aka ba ta ƙwayar shinkafa guda da ƙashi ta dafa, ta dafa ba gardama, tukunya ta cika. Da za ta tafi aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki ƙarami. Da ta fasa shi inda aka umarce ta, sai ga dawaki da dukiya da jama'a masu rakiya. 'Yar mowa ta bi sawu don kishi, ta cinye abin kowane kogi, ta yi wa cinya dariya, ta ɗauki babban ƙwai, ta koma gida kan jaki da ayarin kutare da makafi.

Wannan ne ƙashin bayan labarin. Yawan koguna da abin da ke cikinsu yana sauyawa daga baki zuwa baki, amma kishiyoyi, waƙa, ƙwai biyu da tafiya biyu ba su cika motsawa ba.

Asalinta

Wasu na danganta sunan da duwatsun Bagazam na ƙasar Abzin, arewa maso gabas da Agadas, inda tsauni mafi tsawo a Nijar yake, mai mita 2,022. Hasashe ne da kamannin suna ya jawo, sai dai yana da abin dogara. Ayarin Abzinawa sun daɗe suna sauko da gishirin Bilma ƙasar Hausa su koma da hatsi, kuma ga manomin Gobir ko Katsina, dutse mai maɓuɓɓugar ruwa a tsakiyar hamada ya isa a kira shi ƙarshen duniya. Dakoro, wadda Faransawa suka mai da bariki a 1947, tana kan gaɓar manoma da makiyaya, kuma Hausawan da suka hauro ƙasar neman gona sun zo da gatanansu.

Zubin labarin kuwa na duniya ne. Masu nazarin tatsuniya sun ba shi lamba 480 a jerin da Antti Aarne ya fara a 1910, Stith Thompson ya faɗaɗa, Hans-Jörg Uther ya sabunta a 2004. Charles Perrault ya buga irinsa a Faransa a 1697, 'yan'uwan nan Grimm suka buga nasu a Jamus a 1812, kuma a 1958 Warren Roberts ya kwatanta ɗaruruwan ire-irensa. A na Perrault kishiya ba ta fito ba, uwa ɗaya ce ta fifita 'ya a kan 'ya. Ƙirgi da mowa da bora na gidan Bahaushe ne.

Zamanin masu tattarawa, 1855 zuwa 1913

Tatsuniyoyin Hausa na farko-farko da suka shiga boko sun fito ne daga bakin ɗan ƙasar Damagaram. Dorugu, yaron da aka bautar sannan aka 'yanta, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Can mai wa'azin Kirista J. F. Schön ya zaunar da shi yana faɗa ana rubutawa, abin da ya shiga littafin Magana Hausa na 1885. A ɓangaren Faransa, Landeroin da Tilho, jami'an tawagar da ta shata iyakar Nijar da Najeriya, sun fitar da littafin nahawu da tatsuniyoyin Hausa a Paris a 1909.

Sai shekaru uku masu yalwa. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, a Belfast tsakanin 1911 da 1913, galibi daga takardun ajami da Manjo Burdon ya sa malaman Sakkwato suka rubuta. A 1913 Tremearne ya fitar da tatsuniyoyi 100, Rattray kuma ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Labaran marayu da kishiyoyi suna cikin waɗannan kundaye, amma akasarin masu alƙalamin maza ne, malamai masu rubuta wa Bature. Takarda ta ɗauki jerin abubuwan da suka faru, ta bar karin waƙa da amshin yara, waɗanda a tatsuniya irin ta Ruwan Bagaja su ne rabin daɗin.

Littafin Imam

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, ya shiga da Ruwan Bagaja. Daga gasar ne kuma aka samu Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Shekarar bugu ta rabu biyu a rubuce-rubuce, 1934 da 1935. Ta farkon ce aka fi kafa hujja da ita, kuma ba ta saɓa wa tarihin gasar ba.

Abin da Imam ya ɗauka daga tatsuniyar kaɗan ne: sunan, da tafiya neman ruwa mai wuyar kaiwa. Yarinya ta zama namiji, Alhaji Imam. Wankin ƙirgi ya zama neman maganin ɗan sarki. Ladabi da haƙuri, waɗanda suka ceci 'yar bora, sun ba da wuri ga wayo da ramuwa tsakanin jarumin da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Imam da kansa ya ambaci Muƙamatul Hariri cikin abin da ya yi tasiri a kansa, manazarta kuma sun nuna kamannin littafin da labarin Grimm na ruwan rai, inda 'ya'yan sarki ke neman ruwan da zai warkar da ubansu. An buga fassararsa ta Turanci a 1971, shekara goma kafin rasuwar Imam a 1981. Da yake littafin ya zauna daram a manhajar makarantu, ɗalibai da yawa sun san Zurƙe kafin su ji labarin cinya da kare.

Bayan 1960

Neil Skinner ya fara fitar da fassarar kundin Edgar a 1969. Ibrahim Yaro Yahaya ya kai tatsuniya aji da Tatsuniyoyi da Wasanni, littattafai shida da suka fara fitowa a 1971, inda aka bar waƙoƙin a wurarensu. A 1997 Sa'idu Ahmad Babura ya buga nazarin da ya kwatanta yadda masu ba da tatsuniya daban-daban ke juya labari guda.

A Nijar, cibiyar adabin baka da ake kira CELHTO tana aiki a Yamai tun 1968, makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa ta buɗe a Damagaram a 1973, Jacques Pucheu kuma ya buga tarin tatsuniyoyin Hausar Nijar a 1982. A watan Maris na 2025 hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.