Garambawul ɗin Kan Injin Babur Mai Bugu Biyu: Bayani Ga Al'ummar Yankin Rima

Gabatarwa

A ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo, babur shi ne abin hawan da jama'a suka fi dogara da shi. Da shi ake fito da albasa da tafarnuwa daga fadama zuwa bakin titi, da shi 'yan kabu-kabu ke neman abinci, kuma a ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina, shi ne ke kai mara lafiya asibiti. Malaman gona da ma'aikatan rigakafi ma da shi suke zagaya ƙauyuka. Tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a shekarar 1984, noman rani ya faɗaɗa a kwarin Rima, buƙatar ƙananan injina kuma ta ƙaru.

Wannan bayani ya shafi garambawul ɗin kan inji mai bugu biyu, wato sauya fistin da zobbansa tare da gyaran bulo. Aiki ne mai sauƙin kuɗi idan aka yi shi a kan lokaci kuma bisa awo. Idan aka yi sakaci, ko aka yi shi da ka, ɓarnar takan gangara zuwa ƙasan inji, inda kuɗin gyara ke ninkawa.

Wane Inji Ne Mai Bugu Biyu?

Inji mai bugu biyu shi ne wanda wuta ke tashi a cikinsa duk lokacin da karanshaf ya yi juyi ɗaya, saɓanin mai bugu huɗu wanda sai ya yi juyi biyu. Wani injiniya ɗan Sikotlan mai suna Dugald Clerk ya yi rajistar irinsa a shekarar 1881, sannan Joseph Day na Ingila ya fito da samfurin da ƙananan injina ke bi har yau, wajen shekarar 1891.

Baburan da aka sani da wannan inji a ƙasar nan sun haɗa da Suzuki A100 da AX100, da Yamaha YB100 da RX100, da Jincheng AX100. Daga shekarun 2000 babura masu bugu huɗu irin su Bajaj Boxer suka mamaye kasuwa, amma har yanzu ana samun na dā a hannun jama'a, musamman a karkara. Ƙaramin janareta na Tiger da injin feshi mai mota da ake goyawa a baya su ma bugu biyu ne. Yawancin injinan ban ruwa na Honda da Robin da ake gani a fadama kuwa masu bugu huɗu ne, don haka wannan bayani bai shafe su ba. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce: duk injin da ke ƙone mai na musamman tare da fetur, wato tu-ti, mai bugu biyu ne.

Yadda Kan Injin Yake

Wannan inji ba shi da bawul a kansa irin na inji mai bugu huɗu. A jikin bulo akwai ƙofofi, fistin ne ke buɗe su yana rufewa yayin da yake hawa da sauka. Fetur da iska sukan fara shiga ƙasan inji, sannan su hau sama ta ƙofofin gefe, hayaƙi kuma ya fita ta ƙofar salansa. Saboda haka babu baƙin mai da ke kwance a ƙarƙashin fistin. Ɗan man da ke tafiya tare da fetur shi kaɗai ke shafe fistin, zobba da boris. Baƙin man da ake zubawa a gefen inji na giya ne da kuloci, ba ya kaiwa ga fistin. Rashin fahimtar wannan ya jawo asarar injina da dama.

Sassan da ake kira kan inji su ne: murfin kai inda filogi yake, bulo, fistin, zobba biyu, fin ɗin da ke riƙe fistin, ƙaramin boris na saman kwanrod, 'yan makullan waya guda biyu da ke tare fin, da gasket na sama da na ƙasa.

Abin Da Ke Cinye Shi a Wannan Yanki

Abu na farko shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo da ƙurar hunturu na cika iska, hanyoyin ƙauyuka kuma rairayi ne. Ƙurar da ta wuce matatar iska takan gauraya da mai ta riƙa goge bulo da zobba. Wasu kan cire soson matatar gaba ɗaya da sunan ƙara wa babur gudu, alhali kwanan injin suke ragewa.

Na biyu zafi ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Sakkwato kan haura digiri 40, waɗannan injina kuwa iska ce kaɗai ke sanyaya su. Babur ɗauke da buhuna a cikin rairayi yana aiki da ƙarfi, amma iskar da ke bugunsa kaɗan ce. Idan laka ta toshe haƙarƙarin bulo, fistin kan kumbura ya kame.

Na uku shi ne mai. Ƙarewar tu-ti a tanki, toshewar famfonsa, ko zuba baƙin man mota a madadinsa, duk suna haifar da kamewa ko tarin kunkunniya da ke manne zobba. Gurɓataccen fetur ma na yin illa, kamar yadda aka gani a watan Fabrairun 2022 lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shiga kasuwannin Nijeriya.

Alamomin Da Za a Lura Da Su

Kiki ya yi laushi ƙwarai a ƙafa, babur ba ya tashi da safe sai an tura.
Ƙarfi ya ragu a hawa ko da kaya, shan fetur kuma ya ƙaru.
Ana jin ƙarar ƙwanƙwasa daga bulo, musamman kafin inji ya yi zafi.
Filogi na yawan jiƙewa yana mutuwa.
Inji ya taɓa kamewa ana cikin tafiya, sannan ya saki bayan ya huce.

Alama ta ƙarshe ita ce mafi haɗari. Duk injin da ya taɓa kamewa ya riga ya ji rauni a ciki, ko da ya ci gaba da tashi. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, jinkirin gyara ya ƙara tsada, domin injin da zobbansa suka cinye yana zubar da kuɗin mai shi a kowace tafiya.

Matakan Aikin

1. A wanke inji tas, a bar shi ya huce, sannan a yi aikin a wurin da iska ba ta kwaso rairayi. Shimfiɗa kayan inji a ƙasa tsirara kuskure ne.

2. A cire salansa, kafireta da filogi. A kwance notocin kai kaɗan-kaɗan a gicciye, a zare bulo a hankali.

3. Da zarar bulo ya ɗaga, a toshe bakin ƙasan inji da tsumma mai tsabta. Makullin waya ɗaya da ya faɗa ciki ya isa ya sa a tsaga injin gaba ɗaya.

4. A riƙe kwanrod a ja shi sama da ƙasa. Ɗan motsi zuwa gefe ba laifi ba ne, amma idan yana wasa sama da ƙasa, boris na ƙasa ya mutu, kuma sabon fistin ba zai daɗe ba sai an gyara karanshaf.

5. A duba cikin bulo. Idan farce na maƙalewa a zanen da ke ciki, ko an sami gaɓa a sama inda zobe ke tsayawa, sai an kai shi wurin masu bori. Faɗin bulon AX100 da RX100 na asali milimita 50 ne, ana kuma samun fistin mai ƙarin 0.25, 0.50, 0.75 ko 1.00. A fara sayen fistin, a kai shi tare da bulon, domin a kansa ake yin awo. Bayan bori, a tabbatar an goge kaifin bakin ƙofofi, don kada ya tsinke zobe.

6. A sa kowane zobe shi kaɗai cikin bulo, a daidaita shi da fistin, a auna gibin bakinsa da filageji. A inji mai wannan girma gibin kan kasance tsakanin milimita 0.15 da 0.35. Idan ya matse, zobe zai kame da ya ji zafi. Idan ya yi faɗi, matsi zai tsere.

7. A kankare kunkunniya daga murfin kai, ƙofar hayaƙi da salansa. A wanke bulo da ruwa da sabulu, a busar, a shafa tu-ti nan take.

8. Wajen haɗawa, kibiyar da ke kan fistin ta fuskanci salansa. A cikin kwarin kowane zobe akwai ɗan ƙusa, dole bakin zoben ya zauna a kansa. A sa sabbin makullan waya da sabbin gasket, kada a mayar da tsofaffi. Idan bulo ya ƙi shiga, kada a buga shi, zobe ne bai zauna ba.

9. A ɗaure notoci a gicciye, a matakai biyu ko uku, daidai gwargwado. Ɗaurin da ya wuce kima na lanƙwasa kai ko ya ci zaren ƙusa.

Gano Musabbabi

Tsohon fistin shaida ne, kada a jefar da shi ba a duba ba. Zane-zane masu laushi ta gefen kafireta na nuna ƙura. Narkewa ta gefen salansa na nuna zafi ko ƙarancin fetur a cakuɗe, wanda sau da yawa iska ce ke shiga ta tsagaggiyar roba ko gasket. Zane a kowane gefe na nuna rashin mai. Idan ba a magance musabbabin ba, sabon fistin zai bi sahun tsohon. Don haka a wanke matatar iska, a duba famfon tu-ti, a fitar da iskar da ke cikin tiyonsa.

Bayan Gyara

A cikin tankin farko yana da kyau a ƙara ɗan tu-ti a fetur, har a tabbatar famfo na aiki. A kimanin kilomita 800 na farko a guji cika wuta, ɗaukar kaya mai nauyi da doguwar tafiya ba hutu. Bayan 'yan kwanaki a sake duba notocin kai da launin filogi: ruwan ƙasa alama ce ta lafiya, fari na nuna zafi, baƙi mai danshi na nuna yawan mai ko fetur. Ga janareta da ake haɗa masa mai da hannu, ma'aunin da aka saba shi ne kashi 1 cikin 50, wato mililita 20 na tu-ti a kowace lita ta fetur, sai dai in kamfani ya rubuta wani ma'aunin a jikinsa. Kada a gwada inji a cikin ɗaki, hayaƙinsa na kisa.

Ga Jami'an Ƙananan Hukumomi

Ana shawartar jami'an da ke kula da baburan aiki su buɗe wa kowane babur rajista, a riƙa rubuta ranar gyara, lambar fistin da aka sa da adadin tafiyar da ya yi. Wannan zai nuna ko bulo na da sauran bori, ko lokacin sauya shi ya yi. A buƙaci bakanike ya dawo da tsofaffin kayan da ya cire kafin a biya shi, a kuma ware kuɗin tu-ti tare da na fetur, domin ma'aikacin da aka ba fetur kaɗai zai zuba duk man da ya samu. Gyaran baburan rigakafi da na malaman gona ya fi dacewa a kammala shi kafin faɗuwar damina a watan Yuni, lokacin da hanyoyin fadama ke yankewa, kai babur gari wurin masu bori kuma ya zama da wuya.